Tallafin noman rani: wanne ne kyauta, wanne ne bashi, kuma gonar wa ruwan ke kaiwa?

A ƙarshen watan Satumban 2024, makonni biyu da ɗoriya bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta shanye unguwannin Maiduguri, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin SPIN, wanda zai gyara madatsun ruwa a Najeriya ya kuma inganta ban ruwa a kadada 40,000. Kafin shi, a Disambar 2021, bankin ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da tattalin ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Tun a 2014 kuma bankin ya amince da dala miliyan 495 ga shirin TRIMING na gyaran filayen ban ruwa. Idan aka haɗa ukun, sun kusa dala biliyan 1.7 cikin shekara goma.

Manomin da ke Kura ko Talata Mafara ko Auyo yana jin waɗannan alƙaluma a rediyo, sai ya dubi magudanar da ke bakin gonarsa. Wani ya ga an lafta mata siminti sabo, ruwa na gudu. Wani ya ga yashi da ciyawa kamar yadda ya saba gani. Daga nan tambayoyi suke tasowa: kuɗin nan kyauta ne ko bashi? Za a raba wa manoma ne? Me ya sa aka ce an kawo tallafi, amma ana neman manomi ya biya wani abu?

Kuɗin ba iri ɗaya ba ne

Abin da labarai ke haɗawa su kira tallafi ya kasu aƙalla gida huɗu, kuma kowanne da nauyin da yake ɗora wa mutane.

Na farko kyauta ce zalla, ba a mayar da ko sisi. Misalinta shi ne yarjejeniyar dala miliyan 437 da hukumar MCC ta Amurka ta ƙulla da Jamhuriyar Nijar a 2016, wadda daga cikinta aka gyara filin ban ruwa na Birnin Ƙonni. Mai bayarwa yakan gindaya sharuɗɗa, yakan sa ido kan yadda ake kashewa, amma ba ya dawowa karɓar kuɗinsa.

Na biyu rance ne mai rangwame. Nan ne TRIMING da ACReSAL da SPIN suka faɗa. Reshen Bankin Duniya mai kula da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, IDA, shi ne ya bayar, da kuɗin ruwa ɗan kaɗan, da wa'adin biya mai tsawo, da shekarun numfasawa kafin a fara biya. Duk da haka bashi ne a kan ƙasa. Kuma da kuɗin waje ake biyansa. Lokacin da aka karɓi na TRIMING a 2014, dala ɗaya tana wajen naira 160. A 2024 ta haura naira 1,500. Bashin bai ƙaru ba a lissafin dala, amma nairar da za a tara daga haraji da kuɗin mai domin biyansa ta ninka kusan sau goma.

Na uku shi ne na haɗin gwiwa: shiri ya biya kaso mafi yawa na kuɗin injin ban ruwa ko rijiya, ƙungiyar manoma ta cika sauran. A Fadama III, kashi na uku na shirin tallafa wa manoman fadama, alal misali, shiri kan ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan kayan aiki, masu amfana su kawo 30.

Na huɗu asusu ne mai juyawa, irin wanda ACReSAL ke ba wa al'ummomi. Ƙungiya ta karɓa, ta yi noma, ta mayar, a ba wata ƙungiyar a garin. Kuɗin ba ya komawa Abuja, amma wanda ya karɓa dole ya biya.

Saboda haka kuɗi ɗaya yana iya zama bashi a wuyan gwamnatin tarayya, ya isa ƙauye a matsayin kyautar itatuwa ko ƙaramin dam, ya kuma isa hannun wani manomi a matsayin rancen da zai mayar bayan girbi. Rashin fayyace wannan tun farko yana da tsada. An gani a shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015: an raba sama da naira tiriliyan ɗaya, manoma da yawa suka ɗauka rabonsu ne daga arzikin ƙasa, aka shiga ja-in-ja kan biya, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Babban Bankin suka saɓa kan yawan abin da aka iya karɓowa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani: kaso mafi girma na kuɗin manyan shirye-shirye ba ya ratsa hannun manomi ko kaɗan. Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ce ke sa hannu, ofishin shiri ya buɗe a ma'aikatar da abin ya shafa, jihohi su zuba nasu kason kafin a sakar musu, sannan a ba 'yan kwangila aikin gina magudanai da gyaran ƙofofin dam. Rabon manomi shi ne ruwan da zai iso gonarsa, idan ya iso.

Me ya sa ba a bar wa manomi da 'yan kasuwa ba?

A yankin Sahel ruwan sama yana zuba ne cikin wata uku zuwa huɗu, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasar sama ya wuce. Sauran watanni takwas rana da iskar hunturu ne ke sha, domin abin da zafi ke iya ƙafarwa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya kai wajen mita biyu, ya ninka abin da sama ke zubarwa. Matsalar ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ce, har da rashin abin da zai riƙe shi.

Abin da zai riƙe shi kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai kadada ɗaya ba zai gina dam ba. Ko da zai iya dasa itatuwa a kan tudu domin rage zaizaya, amfanin zai fi zuwa ga waɗanda ke gangare, ba za su biya shi ba. Banki kuma ba ya son ba da bashin da sai bayan shekara goma zai fara dawowa, ga manomin da gonarsa ta gado ce ba takardar da zai jinginar. Wannan giɓin ne ake cikewa da kuɗin gwamnati da na masu ba da agaji. Kusan kowa ya yarda da hujjar. Saɓanin yana kan abin da za a saya da kuɗin.

Abin da aka gwada tun daga farin 1973

Farin da ya afka wa Sahel a farkon shekarun 1970 ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwarara a Najeriya. Amsar gwamnati ita ce manyan madatsun ruwa. An kammala Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga ita ake shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da ta Haɗeja-Jama'are. Bakolori ta biyo baya a 1978, sai Goronyo da Dadin Kowa, sai Challawa a 1992.

Wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun sauya rayuwar yankunansu. Shinkafar Kura da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan 'ya'yan ruwan Tiga ne. Wasu kuwa sun bar darasi mai ɗaci. A Bakolori an tashi dubban mutane daga garuruwansu da fadamunsu, rikicin diyya ya yi tsami, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta. Har yau ana saɓani kan adadin waɗanda suka mutu: lissafin hukuma ƙarami ne, mutanen yankin suna maganar ɗaruruwa. Ta fuskar fasaha ma, daga kadada 23,000 da aka tsara, kimanin 15,000 an ɗora su ne kan ban ruwa na yayyafi, mai buƙatar lantarki da injuna da kayan gyara daga waje. Da wuta ta yi ƙaranci, injuna suka lalace, sai ɓangaren ya mutu. A Borno, aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi da aka tsara wa kadada sama da 60,000 ya tsaya cak lokacin da tafkin ya ja baya a shekarun 1980, ya bar magudanar ɗebo ruwan a busasshiyar ƙasa.

Daga farkon shekarun 1990 sai akalar ta juya zuwa ƙanana. Shirin Fadama na farko, da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 67.5, ya yaɗa rijiyoyin bututu marasa zurfi da ƙananan injinan fetur a fadamu. Manomin da ya saba da jigo yana shayar da ɗan fili sai ya sami ikon shayar da kadada guda shi kaɗai, ba ya jiran ma'aikacin hukuma ya buɗe masa ƙofa. Fasahar ta karɓu sosai, har ta ci gaba da yaɗuwa da kuɗin manoma bayan shirin ya ƙare, wanda shi ne babban ma'aunin nasarar kowane tallafi. Sai dai ta zo da nata rikicin. Fadamun da makiyaya ke sauka da rani suka koma lambuna, mashaya da burtali suka toshe. Abin da ya sa Fadama II, wanda ya fara aiki a 2004, ya shigo da makiyaya da masunta da mata cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama ke nan, aka ce su zauna tare su tsara abin da za a yi.

Inda kuɗin ke zurarewa: gyara da kulawa

Idan aka duba abin da aka kashe kuɗin TRIMING a kai, za a ga mafi yawansa gyaran tsofaffin filaye ne: na Kogin Kano, na Kwarin Haɗeja, Bakolori, Rima ta Tsakiya da Dadin Kowa. Ma'ana an ci bashi a 2014 domin tayar da abin da aka gina da kuɗin mai a shekarun 1970 da 1980. Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da kanun labarai ba sa ɗaukowa.

Filin ban ruwa yana cin kuɗi kowace shekara. Dole a yashe magudanai, a cire ciyawa, a shafa wa ƙofofi mai, a toshe tsaga kafin ta zama rami, a gyara hanyoyin da motoci ke bi su ɗauko amfani. Masu ba da tallafi suna biyan kuɗin gini, ba sa biyan na kulawa har abada. Gwamnati kuma ta fi son sabon aikin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto fiye da kasafin yasar magudana da ba wanda zai gani. Ragowar hanya ita ce kuɗin ban ruwa da manoma ke biya kowace kaka. Shekara da shekaru kuɗin nan ƙarami ne, ba kowa ke biya ba, wanda aka karɓa kuma yana tafiya asusun gwamnati ba ya dawowa filin.

Daga nan sai abu ya zama zagaye. Magudana ta cushe, ruwa ya daina kaiwa gonakin ƙarshe, na ƙarshen su ce ba za su biya kuɗin ruwan da ba su gani ba. Na farkon layi su fasa gefen magudana ko su jefa tiyo su ja son ransu, tunda ba mai hana su. Kuɗin shiga ya ƙara raguwa, gyara ya ƙara gagara. Bayan shekara ashirin a sake neman rance.

Maganin da TRIMING ya kawo, wanda SPIN ya ɗora a kai, shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Hukuma ta riƙe dam da babbar magudana, ƙungiyar manoma ta riƙe ƙananan magudanai, ta tsara ranar da kowane layi zai sha, ta tara kuɗin ban ruwa, wani kaso ya zauna a hannunta domin gyara. Masu goyon baya suna cewa mutum ya fi kula da abin da ya san nasa ne, kuma idan ya ga kuɗinsa ya koma yasar magudanar da ke bakin gonarsa zai biya da daɗin rai. Masu shakka suna cewa gwamnati ce ke sauke nauyinta a kan talaka, kuma ƙungiyar da aka kafa domin cika sharaɗin mai ba da rance takan rayu ne muddin ana kiran taro ana ba da kuɗin mota. Suna kuma nuna cewa shugabancin irin waɗannan ƙungiyoyi yakan faɗa hannun manyan manoma da masu kusanci da sarauta, waɗanda galibi gonakinsu ke farkon layi. Kowane ɓangare yana da misalan da zai nuna. Hukuncin gaskiya ba ya fitowa sai bayan shekara biyar ko goma da rufe ofishin shiri.

Tattalin ruwa: ga wa?

Kalmomin da ke cikin takardun tallafi suna da daɗin ji: a rage asarar ruwa, a shafe magudanai da siminti, a koma ban ruwa na ɗigo. A gona ɗaya lissafin daidai ne, domin ɗigo yana kai ruwa gindin shuka kai tsaye, ba a malale fili gaba ɗaya ba. A kogi gaba ɗaya kuwa lissafin ya bambanta.

Ruwan da ya zurare daga magudanar ƙasa, ko ya wuce saiwar shinkafa ya nutse, ba duka ne ya ɓace ba. Wani yana komawa kogi, wani yana cika rijiyoyin garuruwan da ke gaba. Idan aka toshe wannan zurarar, sannan aka yi amfani da ruwan da aka ce an tsimin wajen faɗaɗa gonaki a sama, to abin da ke isa ƙasa raguwa yake yi. An ga haka a ƙasashe da dama da suka zuba tallafi kan ban ruwa na zamani: kowane manomi ya rage abin da yake ɗiba a kadada, amma jimillar ruwan da amfanin gona ke shanyewa ta ƙaru. Tsimi na gaske yana samuwa ne idan an ƙayyade iyakar abin da kowane fili zai ɗiba, aka kuma bar rarar ta gangara.

Kogin Haɗeja ya nuna wannan a fili. Ruwan da ke fitowa daga Tiga da Challawa yana shayar da birnin Kano ta matatar Tamburawa, ya shayar da filin Kadawa, ya wuce filin Kwarin Haɗeja, ya bazu a dausayin Haɗeja-Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya ratsa Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa zuwa Tafkin Chadi. Kafin a gina madatsun, ambaliyar damina kan mamaye faɗin ƙasa mai yawa a dausayin, ta janye ta bar wa mutane shinkafar fadama da kifi da ciyawar dabbobi da itacen girki. Bayan madatsun da shekarun fari, faɗin ya ragu ƙwarai. Binciken da Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998 ya ƙiyasta cewa ribar da ake samu daga faɗaɗa manyan filayen ban ruwa a sama ba ta kai asarar da ake jawo wa mutanen dausayin ba.

Akwai kuma kachala. Da madatsun suka mayar da kogin mai gudu ɗan kaɗan duk shekara maimakon ya cika ya bushe, sai wannan ciyawa ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ya shanye gonakin wasu garuruwa a Jigawa da Yobe, wasu kuma ya daina isa gare su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. A 2006 jihohi shida da ke kan kogin, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi. Takaddamar dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wanda Bauchi ke so, mutanen Yobe da Borno ke tsoro, ita ma a kan wannan batun take.

Sabon babin shi ne injin sola. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000, noman rani da injin fetur ya zama jidali. Wasu suka koma gas, wasu suka rage fili, wasu suka haƙura. Shi ya sa rabon injinan sola ya zama abin da kowace jiha da kowane shiri ke alfahari da shi, kuma sauƙin da yake kawowa na gaske ne. Abin lura shi ne tsadar fetur ce ke sa manomi kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Rana kuwa ba a biyanta. A fadamun da ambaliya ke cikawa duk shekara wannan ba zai zama matsala nan kusa ba. Inda ruwan ƙasa ke da zurfi kuma cikarsa ke da jinkiri, yawan ja zai iya kai shi inda ƙananan rijiyoyi ba sa iya tarar da shi, sai mai kuɗin haƙa burtsatse mai zurfi ya rage a fagen. Auna zurfin ruwan ƙasa a kai a kai ba shi da tsada idan aka gwada da kuɗin injinan, amma ba kasafai ake sa shi a gaba ba.

Hanyar Nijar: riƙe ruwan tun daga inda ya sauka

A ƙetaren iyaka, wani ɓangare mai yawa na tallafi ya tafi ne kan gonakin damina. A 1989 wani shiri na IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai manoma daga Illela ta jihar Tahoua zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki, gara ta huda ƙasar ta buɗe masa hanya. Suka dawo suka gwada wannan dabara, wadda ake kira tassa, a gonakinsu. Ƙasar da ba ta ba da ko dami ɗaya ta fara ba da gero, har mutane suka soma sayen fako domin su gyara. A Keita, shirin da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984 ya gyara dubban kadada da shingayen duwatsu da ramuka da ƙananan madatsu, mafi yawan ma'aikatan kuma mata ne da ake biya da abinci. A Maraɗi da Damagaram, barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gona ya mayar da itatuwa kan kimanin kadada miliyan 5, da kuɗin waje kaɗan.

Waɗannan dabaru, tare da ramin rabin wata, suna cikin abin da ACReSAL ya sa gaba a burinsa na gyara kadada miliyan ɗaya. Arharsu ba ta da tamka idan aka gwada da gina filin ban ruwa. Iyakarsu ita ce ba sa ƙirƙirar ruwa: shekarar da sama ta hana, rami ba shi da abin tarawa, kuma ba sa ba da noman rani. Aikin ma ba wasa ba ne, tassa a kadada ɗaya kan ci awanni ɗari uku ko fiye, a lokacin da matasa suka tafi cirani.

Nijar ta kuma nuna raunin kyauta zalla. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Amurka da Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafinsu, Bankin Duniya ma ya tsayar da sakin kuɗi na wani lokaci. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ta USAID, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya a tsakiya. Kyauta ba ta barin bashi, amma mai ita yana iya janyewa ranar da siyasa ta juya.

Manya ko ƙanana, kyauta ko biya

Masu goyon bayan manyan filaye suna kafa hujja da yawan jama'a: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda mafi yawan nomanta ya dogara ga damina, ba za ta ciyar da birane da ramukan tassa ba. Madatsun kuma an riga an gina su, barinsu ba gyara asara ce, haɗari ne ma, kamar yadda Alau ta nuna. Masu goyon bayan ƙanana suna cewa kuɗin gyara kadada ɗaya a babban fili zai sayi injina da rijiyoyi ga manoma da dama, cikin sauri, ba tare da tashin kowa daga gidansa ba. Abin da tarihin yankin ya nuna shi ne kowanne yana da wurinsa, kuma ƙananan ma sun dogara ga manyan, tunda yadda ake sakin ruwa daga dam ne ke tantance ko fadamar da ke ƙasa za ta cika.

Kan batun kason manomi ma ra'ayi biyu ne. Wasu na ganin abin da aka ba mutum kyauta yakan ƙare a kasuwa, ko a hannun 'yan siyasa su raba wa magoya baya. Wanda ya sa kuɗinsa shi ke lallaɓa injin. Wasu na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kashi 30 ɗin nan shi ne katangar da ke hana gwauruwa da matashi marar jari shiga. Nazarin da cibiyar binciken manufofin abinci ta duniya, IFPRI, ta yi wa Fadama II ya ba kowane ɓangare abin riƙewa: kuɗin shigar masu amfana ya ƙaru sosai, amma mafi talauci sun sha wuyar haɗa nasu kason. Akwai kuma manoman da ke ƙaurace wa duk wani rance mai kuɗin ruwa saboda addini, don haka asusun da bai fito da tsari marar riba ba ya rasa su tun daga ƙofa.

Abin da zai iya biyo baya ga jama'a

Manomin da ke cikin filin da aka gyara zai iya samun noma biyu ko uku a shekara, amma ya sa ran kuɗin ban ruwa zai ƙaru kuma za a matsa wajen karɓa. Lokacin aikin gyara akan rufe ruwa na kaka ɗaya ko fiye. Ƙa'idojin Bankin Duniya sun tanadi diyya ga wanda ya rasa amfanin gona ta wannan hanya, kuma kowane shiri yana da ofishin karɓar koke.

Wanda ke noma a gonar haya yana cikin wani hali daban. Ruwa na dawowa, kuɗin haya zai tashi, mai gona ma yana iya karɓe abarsa. Mata da yawa suna cikin wannan rukunin, ko kuma suna cin moriyar filin ta hanyar turara shinkafa da aikin ƙwadago, sunayensu ba sa cikin rajistar masu fili da ake rabon kaya da ita.

Makiyayi zai duba ko taswirar shiri ta bar burtali da mashaya. Masunci a Nguru da mai lambu a Gashuwa za su ji sakamakon a yawan ruwan da ke iso musu, ko da ba su taɓa jin sunan shirin ba. Mazaunin birni zai gani a farashin shinkafa da tumatir da albasa, zai kuma biya nasa kason na bashin ta hanyar haraji.

Ruwa kaɗai kuma ba ya kawo riba. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha rufewa da buɗewa, manoma kuma sun ci gaba da shanya tumatir a bakin titi duk lokacin da kasuwa ta cika. Bayan da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin hatsi ya sauka a 2025 alhali taki da magani suna nan da tsadarsu, manoman shinkafa da dama suka rage fili. Manomin da bai mayar da jarinsa ba ba zai iya biyan kuɗin ban ruwa ba, ƙungiyarsa kuma ba za ta sami abin yasar magudana ba kafin rani mai zuwa.